Yadda zaka dogara ga Allah in babbar shawara ta taso, ba sai ka zauna jiran mafarki ba

Tsakanin shekara 18 zuwa 30 ɗin nan ne manyan shawarwarin rayuwa suke taruwa su faɗo wa mutum a ka lokaci guda: wane kos zan karanta, inda aka tura ni bautar ƙasa in tafi ko in nemi a canza min, aiki ko sana'a, wa zan aura, in zauna a Zariya ko in bi abokai Abuja ko Legas ko ma waje. Kuma duk wanda ka tambaya a coci amsa ɗaya ce, "ka dogara ga Ubangiji." Gaskiya ce, tun muna Sande Sukul muka haddace Karin Magana 3:5-6, ka dogara gare shi da dukan zuciyarka kada ka jingina ga naka ganewa. Amma ba a cika gaya mana yadda ake yin ta ba ranar da JAMB ta nuna maka kos ɗin da baka nema ba, ana jira ka danna ka karɓa ko ka ƙi. Ni dai a ganina dogara aiki ce da ake yi mataki mataki, ba kwanciya a ɗaki ana jiran murya daga silin ba.

Fara da ware abin da Allah ya riga ya amsa. Da yawa daga abubuwan da muke cewa "ina addu'a a kai" ba addu'a suke buƙata ba, biyayya suke buƙata. Wani ya ce ka kawo kuɗi a saya maka gurbin aiki, ko ka je kotu ka yi rantsuwa ka rage shekaru don kar ka wuce 30 bautar ƙasa ta wuce ka, ko a kai ƙanwarka irin santar nan da ake rubuta wa yara amsa a allo. Ɗan'uwa wannan ba sai ka yi azumin kwana uku ba, ƙarya ce da cin hanci kuma ka san matsayin Littafi Mai Tsarki a kai. Nan ne ma ainihin gwajin dogarar yake, don zaka ga wanda kuka gama tare ya biya ya samu har ya fara ɗaukar albashi, kai kana nan kana koyarwa a wata ƴar firamare mai zaman kanta a Hanwa ko Palladan da albashin da bai kai ƙarshen wata. In ka iya cewa a'a a nan, sauran zasu zo da sauƙi.

Abin da ya rage bayan wannan tacewar shi ne zaɓi tsakanin abubuwa biyu da babu zunubi a ko wanne, kuma su ne suka fi hana barci. Toh sai addu'a, amma ta gaskiya. Yawancinmu mun riga mun yanke shawara a zuci, muna zuwa ne kawai Allah ya buga mana sitamfi. Ka samu wuri kai kaɗai, ka kashe data, ka faɗa masa abin da kake so ɓaro-ɓaro, "Uba ni Medisin nake so, kuma gaskiya rabin dalilin don a riƙa ce min dakta ne a unguwa." Ba zai yi mamaki ba, ya riga ya sani. Sannan ka tambayi kanka, in amsar ta zo a'a zan ci gaba da bin sa da zuciya ɗaya? Idan ka ji wani abu ya tokare maka a ƙirji, a nan aikin yake, ka tsaya a nan kwanaki kafin ka wuce gaba. Yesu ma a Getsamani sai da ya fara faɗin abin da yake so, a ɗauke masa ƙoƙon, sannan ya ce ba nufinsa ba sai na Uba. Yaƙub 1:5 kuma ya ce wanda ya rasa hikima ya roƙa za a ba shi, lura fa hikima aka ce, ba a ce za a turo maka sunan kos ko sunan yarinya ta saƙon waya ba.

Daga nan ka tashi ka yi bincike, wannan shi ne wurin da ƴan'uwa masu zafin ruhaniya suke raina wa kamar rashin bangaskiya ne. Ka duba Nehemiya sura 2. Mutumin nan ya yi azumi ya yi kuka, amma da sarki ya ce me kake so, ya san tsawon lokacin da zai yi, ya nemi wasiƙu zuwa ga gwamnonin da zai ratsa ƙasarsu, ya nemi katako daga mai kula da kurmin sarki, da ya isa Urushalima kuma sai da ya zagaya da dare ya duba garun da idonsa kafin ya buɗe baki ya yi wa kowa magana. A Luka 14:28 Yesu da kansa ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafin kuɗin.

Saboda haka ɗauki biro da takarda. A ce jami'ar ABU ta ba ka wani kos a harabarta ta Samaru alhali Lauya kake so a harabarta ta Kongo. Rubuta: in na karɓa, kuɗin rajista nawa, masauki nawa, wa zai biya, kuma a shekara ta uku ma zai iya biya? In na ƙi na sake JAMB, me zan yi da shekarar, me zai sa makina ya fi na bana? Akwai IJMB, wato shirin share fagen shiga jami'a, akwai makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa, akwai kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli da tsohuwar kwalejin ilimi ta FCE da yanzu ta zama jami'a, ka san sharuɗɗansu ko ji kake a bakin abokai? Kar ka dogara da maganar nan ta "ka shiga kawai zaka canza kos a aji biyu," ka shiga mota ka je sashen da kanka ka tambayi yadda abin yake, ka nemi wanda ya gama kos ɗin shekaru biyar da suka wuce ka ji me yake yi yanzu. Sau da yawa kafin ka cika takardar nan gaba da baya rabin ruɗanin ya tafi, don ashe ba nufin Allah ne ya ɓuya ba, bayani ne baka da shi.

Sai shawara. Karin Magana 15:22 ya ce shiri yakan rushe in babu shawara. Amma ba kowa ba, kuma ba guruf ɗin WhatsApp na matasa ba. Nemi mutum biyu ko uku da suka girme ka, suka san halinka, kuma babu abin da zasu ci ko su rasa a zaɓinka: wani dattijon ikilisiya, wata mama a Zumuntar Mata da ta san gidanku tun kana goye, tsohon shugabanku na FCS, zumuntar ɗalibai Kirista. A cikinsu lallai a samu wanda ba ya jin nauyin ce maka "yaro, wannan son zuciya ne." Iyaye kuma ka je musu da wuri, ba bayan ka gama komai ba, ka zauna ka ce "Baba, ga abin da nake tunani, ga dalilaina, me kuka gani?" Ko da ra'ayinku ya bambanta, yadda ka kawo maganar yakan canza komai.

A nan zan ɗan tsaya kan masu "Ubangiji ya ce." Ban musa cewa Allah yana magana ta bakin mutane ba, amma 1 Tasalonikawa 5 da ya ce kar a raina annabci shi ne kuma ya ce a gwada komai. Ƴar'uwa, in wani brada ya tare ki bayan sujada ya ce Allah ya nuna masa ke ce matarsa, ki ce masa kin gode, shi Allahn ya san inda kike zai gaya miki ke ma. Duk annabcin da ya zo da gaggawa, ko da tsoratarwa, ko da lambar akawun, ko aka ce kar ki gaya wa fastonki da iyayenki, ajiye shi gefe.

Haka ma batun alamu. "Ƙofa ta buɗe" ba hujja ba ce ita kaɗai, Yunana ai da ya sauka Yafa ya tarar da jirgi na shirin tafiya Tarshish, ga kuɗin jirgi a hannunsa, komai ya tafi daidai, alhali gudu yake daga Nineba. Har barci ya yi mai nauyi a cikin jirgin, don haka "ina jin salama a zuciyata" ma sai an haɗa ta da sauran abubuwa. Mutanen Joshuwa kuwa a sura 9 sun ga busasshiyar gurasa da tsofaffin takalman Gibeyonawa suka gamsu da abin da ido ya gani, ba su tambayi Ubangiji ba, suka ƙulla alkawarin da ya zame musu dole. Rufaffiyar ƙofa ita ma ba ƙarshen zance ba ce. Mu nan muna da misali a gida: mishan ɗin CMS na cocin Angilika, na su Dokta Miller, da a cikin birnin Zariya yake, a 1929 aka koma da shi Wusasa bayan gari, kuma a can ne cocin St Bartholomew da makaranta da asibiti suka kafu, yaran da suka tashi a wurin har da Yakubu Gowon.

Maganar aure tana da nata ƙarin, kuma zan faɗe ta kai tsaye. Ku yi gwajin jini tun soyayya bata yi nisa ba, tun kafin a kai gaisuwa, ba sai kwamitin aure ya tura ku ana saura wata biyu biki an riga an fitar da anko ba. In ku biyun jininku AS ne, wato kowa na ɗauke da ƙwayar sikila, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da sikila, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in na fari ya zo da ita sauran ukun sun tsira ba. Wanda ya taɓa kwana a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika kusa da gadon yaron da ciwon ya tasar masa, uwar na riƙe da ƙafarsa tana dannawa har asuba, ba zai yi saurin cewa "bangaskiyarmu zata rufe" ba. Allah yana warkarwa, na yarda, amma Shaiɗan ma da aya ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali, Yesu ya ce kar a gwada Ubangiji. Ku je wurin likita tare, ku ji bayani sosai, ku zauna da fasto, sannan ku yanke da ido buɗe. Kuma ƴar'uwa, ki duba yadda saurayin yake yi wa mahaifiyarsa magana da yadda yake biyan bashi, ba yadda yake jan waƙa a kwaya ba.

In ka yi duk wannan, sa rana. Ka ce zuwa ƙarshen wata zan yanke, ka gaya wa ɗaya daga cikin masu ba ka shawara don ya tambaye ka. Ranar ta zo, ka zaɓi wanda ya fi daidai da Maganar Allah da bayanan da ka tara da shawarar manya, ka yi addu'a ka ce "Uba ga inda zan nufa, in kuskure ne ka tare ni," ka ɗaga ƙafa. Ba zaka samu tabbaci ɗari bisa ɗari ba. A Ayyukan Manzanni 16 Bulus yana cikin tafiya ne Ruhu ya hana shi Asiya, ya gwada Bitiniya aka hana, sai da ya kai Taruwasa sannan wahayin mutumin Makidoniya ya zo. Mota mai tafiya ake juya wa sitiyari.

Bayan ka yanke, wahala zata zo kuma abu na farko da zuciya zata ce shi ne "ashe ba nufin Allah ba ne." Kar ka yi saurin yarda. Bulus ɗin nan da ya bi wahayi ƙarara, a Filibi duka aka yi musu shi da Sila aka jefa su kurkuku. Don haka tun ranar da ka yanke ka rubuta dalilanka a bayan littafin da kake ɗaukar wa'azi, ka sa kwanan wata. In ka samu kari-oba a zangon farko, ko aka tura ka ƙauyen da babu netwok, ko shagon ya yi wata uku ba ciniki, buɗe ka karanta. In dalilan suna nan yadda suke, ka ci gaba. In kuma wani sabon abu ne ya fito da baka sani ba a da, kamar ka gano aikin sai da ƙaryar lissafi ake yin sa ko wanda zaki aura yana da mata a wani gari, koma wurin mutanen nan biyu ko uku da takardarka ku sake zama.