Lokacin da ya fi dacewa a jefa fatsa a gaɓar teku

'Yan'uwa masunta, kafin ku fita ku duba jadawalin cikowa da janyewar teku, domin kifi ya fi cin koto sa'ad da ruwa ke motsi, musamman awa 2 kafin ya gama cikowa. A kwanakin tsayuwar wata da daren sha huɗu ruwan yakan ja da ƙarfi, saboda haka a ƙara nauyin darmar da ake ɗaurawa don nutsar da fatsa. Ni dai na fi son fita kwana ɗaya bayan iska ta lafa, domin igiyar ruwa ta tono tana da ƙaguwa daga yashi, kifi kuma ya matso gaɓa. Mai tsayawa kan duwatsu ya tabbatar ruwa ba zai tare masa hanyar komawa ba.