Kurakuran Masu Sayen Gida a Arewacin Kamaru da Aikin Lauya

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin masu sayen gida a Garwa, Marwa da Ngaundere shi ne neman lauya bayan an biya kuɗi, lokacin da rigima ta riga ta kai gaban alƙali. Amfanin lauya yana nan ne tun kafin a sallama ciniki.

Mutane da dama suna ɗauka cewa takardar da jauro ko lawan ya sa wa hannu, a gaban dillali da shaidu, ta isa ta tabbatar da mallaka. Takardar tana da daraja a unguwa, kuma ba mai raina shaidar sarakuna, amma bisa dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 da ta 27 ga Afrilu 1976, takardar rajista da ake kira "titre foncier" ita ce hujjar mallaka a wurin hukuma. Ko an nuna wa mai saye kwafinta, kada ya gamsu. Lauya zai je ofishin rajistar filaye na ma'aikatar kula da filaye da kadarorin gwamnati (MINDCAF) ya karɓo sabuwar shaidar mallaka, ya gwada suna da lamba da girman fili da abin da ke hannun mai sayarwa, ya kuma duba ko an jinginar da gidan ga banki, abin da dillali ba ya faɗa ko da ya sani.

Wasu kuma suna haɗa aikin lauya da na "notaire", wato jami'in da hukuma ta ba izinin rubuta yarjejeniya da tabbatar da ita. Doka ta wajabta a ƙulla cinikin gida mai rajista a gaban notaire, in ba haka ba cinikin ya ɓaci, sai dai shi yana tsaye ne a tsakanin ɓangarorin biyu, alhali lauya naka ne kai kaɗai, kuma shi zai karanta yarjejeniyar ya nuna maka sharaɗin da zai cutar da kai.

Gidan gado ya fi kowane buƙatar taka-tsantsan. Sau da yawa babban wa ne yake sayarwa da sunan iyali, sai bayan an yi gyara an tare, wata ƙanwa da ke aure a Njamena ko Yola ta zo ta ce ba da yawunta aka yi ba, kuma tana da gaskiya. Maganin wannan shi ne lauya ya nemi hukuncin kotu da ya lissafa magada, tare da amincewar kowannensu a rubuce, ko takardar wakilci daga wanda ke nesa.

Rage farashi a takarda domin kauce wa haraji laifi ne, kuma idan aka soke cinikin, da wuya mai saye ya iya dawo da abin da ba a rubuta ba. Bayan biyan kuɗi, lauya ya bi takardun har sai an juya rajistar zuwa sunan mai saye.