Cuku da busasshen nama a ƙasar waje: wanne ke son firij, wanne ke jure zaman waje?

Duk wanda ya shiga kasuwa a Italiya ko Sifaniya a makonsa na farko zai ga abin da zai ɗaure masa kai. Ga cinyar nama sukutum a rataye a saman shago, ga curin cuku mai nauyin kusan kilo 40 an ɗora a tebur, babu ko ƙanƙara a kusa da shi. Ka ɗan matsa gaba kuma sai ka ga irin wannan naman da irin wannan cukun an yayyanka su, an zuba a leda, an jera a firij, har da gargaɗin kada a bar su a waje. Daga nan sababbin zuwa kan rabu gida biyu: wasu su ɗauka komai yana jure zaman waje tunda sun ga an rataye shi, wasu kuma su zubar da lafiyayyen cuku don kawai ya kwana a kan tebur. Na biyun kuɗi suka yi asara. Na farkon su ne abin ji, domin su lafiyarsu suke wasa da ita.

Sirrin abin yana wajen ruwa. Ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa sai da danshi, shi ya sa tun kafin a ƙirƙiro firij mutane ke kare abinci ta hanya uku: gishiri ya janye ruwansa, iska ta busar da shi, tsami kuma ya hana ƙwayoyin sakat. Masana abinci suna da ma'aunin ruwan da ƙwayar cuta za ta iya amfani da shi, daga 0 zuwa 1. Ɗanyen nama yana wajen 0.99. Idan abu ya sauko zuwa 0.85, ƙwayoyin da ke sa ciwo ba sa iya hayayyafa a cikinsa. Don haka sunan abu ba ya gaya maka komai, ruwan da ya rage a jikinsa za ka duba.

Ɗauki Parmigiano Reggiano na Italiya. Ana jiƙa shi a ruwan gishiri kimanin mako uku, sannan a ajiye shi aƙalla wata 12 kafin doka ta yarda a kira shi da wannan suna. Kafin ya iso hannunka ya bushe ƙamas, ya yi ɓawo mai kauri, ba a ma yanka shi sai dai a fasa. Irinsa su ne Grana Padano da Pecorino Romano da tsohon cheddar da tsohon gouda. Ma'aikatar Noma ta Amurka da kanta ta ce cuku mai tauri ba ya buƙatar firij domin kare lafiya, sai dai ya fi daɗewa idan an saka shi. Ni kuwa shawarata ka saka shi. Ɗakunan da ake tsufar da cuku a cikinsu masu sanyi ne da danshi daidai gwargwado, ɗakin girkinka kuwa na'urar ɗumama gida tana riƙe shi a digiri 20 ko fiye ko da ana tsakiyar hunturu. A irin wannan ɗumi cukun zai riƙa tsatsafo da mai, ya tsattsage, ɗanɗanonsa ya canza. Ba zai kwantar da kai ba, amma ka yi asarar abin da ka saya da tsada. Ka naɗe shi a takarda, kada ka matse shi a leda, domin leda na tara masa gumi ta jawo fumfuna.

Cuku mai laushi kuwa babu ja-in-ja a kansa. Duk wanda ake shafawa a burodi, ko ake ɗiba da cokali, ko yake iyo cikin ruwa, gidansa firij: ricotta, mozzarella sabo, cottage, brie, camembert, har da feta duk da gishirinsa. Idan an buɗe shi, a cinye cikin mako guda. Haka ma mai taurin idan an goge shi ko an yi masa yanka siri-siri, ya koma sahun masu laushi, saboda kowane gefe nasa iska da hannu sun taɓa. Akwai ƴan ƙananan cuku masu kusurwa uku da ake narkarwa a naɗe a takardar gwangwani, wasu a kan kanta ake sayar da su, wasu a firij, alhali kamarsu ɗaya. Waɗannan ido ba ya raba su, sai ka karanta kwalin.

Idan fumfuna ta fito a cuku mai tauri, yanke wurin tare da santimita biyu da rabi na kewayensa, ka kula kada wuƙar ta ratsa ta cikin fumfunar, sauran ka ci abinka. Idan a mai laushi ta fito, ko a gogagge, zubar da shi gaba ɗaya, domin saiwoyinta sun riga sun yi nisa inda ido ba ya gani. Farar rigar da ke jikin brie da shuɗin jijiyoyin da ke cikin Roquefort dai da gangan aka yi su.

Nama shi ma gida biyu ne, kuma a nan ne aka fi ruɗewa, don a kanta ɗaya ake jera su. Akwai wanda aka yi wa gishiri aka busar tsawon makonni ko watanni: prosciutto, jamón, salami mai tauri, bresaola, pastirma, biltong na Afirka ta Kudu. Akwai kuma wanda aka dafa aka bar shi da ruwansa: mortadella, polony, yankakken naman talotalo ko kaza na sakawa a burodi, da sosij na cikin leda. Na farko, muddin yana curinsa ba a yanka ba, yana jure zaman wuri mai sanyi da iska. Salami mai tauri da ba a buɗe ba yana kai mako shida a kabad, idan an yanka kuma mako uku a firij. Na biyun ba ya kwana a waje ko sau ɗaya, kuma da zarar an buɗe ledar, kwana uku zuwa biyar ne iyakarsa.

Kafin a je ga ajiya ma, ɗan'uwa, ka san abin da ka ɗauko. Mafi yawan waɗannan a Turai naman alade ne. Prosciutto da jamón da chorizo da mortadella duk daga shi ake yin su, salami ma galibi haka. Bresaola da pastirma na sa ne. Kada hoton talotalo a jikin leda ya ruɗe ka, wani lokaci an gauraya shi da kitsen alade ko an ɗura shi a hanjinsa. Juya ledar ka nemi waɗannan kalmomi: pork a Turanci, porc a Faransanci, Schwein a Jamusanci, suino ko maiale a Italiyanci, cerdo a Sifaniyanci. A shagunan Turkawa da Larabawa za ka samu sucuk, wato sosij ɗin Turkawa, da salami na halal. Amma fa tambarin halal yanka yake shaida, ba ajiya ba. Yankakken talotalo na halal yana lalacewa daidai yadda kowanne ke lalacewa, kuma sucuk soya shi ake yi kafin a ci.

Jan launin da kake gani a irin wannan nama galibi daga wani gishiri ne na musamman da ake kira nitirit, wanda babban aikinsa shi ne hana ƙwayar da ke haifar da gubar botulizim, gubar da ke shanye jiki har numfashi ya tsaya. Wani likita Bajamushe, Justinus Kerner, shi ya fara bayyana ta dalla-dalla wajen 1820 a yankin Württemberg, inda mutane ke mutuwa bayan cin sosij da ba a gyara da kyau ba.

Sai babbar matsala, wadda dominta nake ganin ya kamata kowane sabon zuwa ya san wannan magana: wata ƙwayar cuta mai suna Listeriya. Yawancin ƙwayoyi sanyi na tsayar da su, ita kuwa tana ci gaba da yaɗuwa sannu a hankali har a cikin firij, kuma gishiri bai cika damun ta ba. Ba ta sa wari, ba ta canza launi, ba ta canza ɗanɗano. Shinshinawa ba ta da amfani a nan. Ta fi son cuku mai laushi da dafaffen nama da aka yanka, kuma injin yankan da ke kanti yana iya kwashe ta daga wannan curi ya shafa wa wancan. A 1985 wani farin cuku mai laushi ya kama mutum 142 a yankin Los Anjalis, mafi yawansu mata masu ciki da jariransu. Tsakanin 2017 da 2018 Afirka ta Kudu ta ga annobar Listeriya mafi girma da aka taɓa rubutawa: fiye da mutum 1,000 suka kamu, sama da 200 suka rasu, jarirai sababbin haihuwa na da yawa a cikinsu. Da aka bi diddigi, sai aka tarar daga polony ne na wata masana'anta a Polokwane. Abincin da ke firij ne, a leda mai tsabta, wanda iyaye ke saka wa yara a burodi.

Mai ƙoshin lafiya sau da yawa zazzaɓi da gudawa kawai zai yi ya warke. Waɗanda take kayarwa su ne tsofaffi, da masu raunin garkuwar jiki, da masu juna biyu. Ƴar'uwa, idan kina da ciki, ke kanki ƙila ɗan zazzaɓi kawai za ki ji kamar mura, amma tana iya kaiwa ga ɓari ko haihuwar bakwaini, kuma alamun na iya ɗaukar makonni kafin su fito. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana shawartar masu ciki su guji brie da camembert da cuku mai laushi mai shuɗin jijiya sai an dafa su har suna tururi, su kuma yi hattara da busasshen naman da ba a dafa ba saboda wata cutar daban, toksoplasma. Mai tauri irin cheddar da Parmigiano babu laifi. A Amurka shawarar ita ce a ɗumama yankakken nama har ya kai digiri 74 na Salsiyos. Idan kin ci wani abu daga ciki kuma zazzaɓi ya biyo baya, ki gaya wa ungozoma ko likita abin da kika ci.

Firij ɗin kansa ya kamata ya zauna a digiri 5 ko ƙasa da haka. Lambobin da ke jikin maɓallinsa sau da yawa ba digiri ba ne, don haka ka sayi ɗan ma'aunin sanyi ka ajiye a ciki. Idan a Amurka kake, su da ma'aunin Farenhait suke aiki, 40 nasu shi ne 4 na Salsiyos. Ƙofa ita ce wuri mafi ɗumi, kada ka ajiye nama a can. Abin firij kada ya wuce awa biyu a waje, awa ɗaya idan zafi ya haura digiri 32. Idan wuta ta ɗauke, firij a rufe yana riƙe sanyinsa kimanin awa huɗu. Dabarar ajiye abinci a baranda ko bakin taga da hunturu kuwa, da yawa kan yi ta musamman a gidan haɗaka inda firij ya yi kaɗan, amma rana na haska wurin da hantsi sai ɗumi ya hau ba ka sani ba.

Kwanan watan da ke jikin leda iri biyu ne. "Use by", ko "à consommer jusqu'au" a Faransa, ko "zu verbrauchen bis" a Jamus, maganar lafiya ce: ranar ta wuce, a zubar. "Best before", ko "mindestens haltbar bis", maganar ɗanɗano ce, kuma cuku mai tauri yakan wuce ta lafiya lau. Dukansu suna aiki ne kafin a buɗe ledar.

Mai niyyar saye da sayarwa kuma ya sani cewa abin da doka ta bar ka ka yi a ɗakin girkinka daban, abin da za ka miƙa wa jama'a daban. A Birtaniya sai ka yi rajista da ƙaramar hukuma aƙalla kwana 28 kafin ka fara, kyauta ne, ko da daga gida kake sayarwa ta intanet. A Ingila da Wales da Ireland ta Arewa, abincin sanyi dole ya zauna a digiri 8 ko ƙasa, kuma an yarda a baje shi a waje har awa huɗu, sau ɗaya tak. A Amurka kowace jiha da dokarta, amma izinin sayar da abincin gida yawanci bai haɗa da nama ba, ko da busasshe ne. Shigo da kaya daga waje ma ba mafita ba ce: Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara a jakarsa daga mafi yawan ƙasashen da ba nata ba, komai bushewarsu, Amurka kuma tana buƙatar ka bayyana wa kwastam duk abincin da ke jakarka. Idan ka bayyana suka ƙi, karɓewa kawai za su yi. Idan ka ɓoye aka gano, tara ce.