Yadda ake gyara gida a bakin iyakar unguwa

Duk wanda ya san Khartum, babban birnin Sudan, ya san cewa da gangan aka raba unguwanninta. Bayan da Turawan Ingila suka ci garin a 1898, sun kasa filayen zama daraja uku, kowace da girman filinta da irin kayan ginin da aka yarda da su, layin dogo kuma ya zama shinge tsakanin cikin gari da unguwannin talakawa. A bayan wannan shinge ne mutanenmu Hausawa suka zauna a unguwar da ake kira Ishash Fallata. Yanzu da ake komawa gidajen da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya lalata, wanda filinsa yake bakin iyaka, tsakanin unguwar Hausawa da ta wata ƙabila, ya kamata ya yi tunani kafin magini ya ɗora bulo na farko.

Ka fara da ƙofa. Yawancinmu mukan juya ƙofar gida zuwa cikin unguwa, mu bar wa na ƙetare doguwar katanga marar taga, ba da daɗewa ba kuma gindinta ya zama juji da matattarar zauna-gari-banza, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifi. Idan ba za ka iya juya babbar ƙofa ba saboda sutura ta iyali, to ka fitar da ƙofar diwani, wato zauren baƙi, ta wannan gefen. Wanda kake gaisawa da shi kowace safiya, da wuya jita-jita ta shiga tsakaninku.

Daga nan sai ka kula da abin da ke gaban katangar, domin a nan ne aikin yake. Ka yi dakali mai faɗin da mutum uku za su zauna, ka dasa darbejiya, ka kafa sabil a inuwarta: randa biyu a kan mazaunin ƙarfe, da moɗa ɗaure da igiya. Mai wucewa zai tsaya ya sha, wanda ya sha kuwa sai ya yi sallama. Sai dai randar da aka bari ta bushe ta fi rashinta muni, saboda haka ka ɗora wa wani yaro cika ta kullum. Ka bar fili shararre inda za a shimfiɗa tabarmi da azumi, tunda al'adar ƙasar nan ce maza su fito da buɗa-baki kan titi su tare matafiya su sha ruwa tare. Fitila ɗaya mai aiki da hasken rana a saman ƙofar ta isa ta sa mata su bi hanyar bayan magariba.

Naffaj, wato 'yar ƙofar da ake hudawa a katangar da ke tsakanin maƙwabta biyu, ba a gaggawar buɗe ta. Ka bari sai matan gidajen sun saba aron gishiri da garwashi, su da kansu za su nemi a huda, a kuma sa mata sakata ta kowane gefe.

Ranar yaɓe ko rufin ɗaki, ka kira gayya, wadda a nan ake ce wa nafir, ka taka da ƙafarka zuwa masallacin ƙetare ka gayyaci limaminsu da dattawansu, kada ka aika yaro.