Yadda na toshe kuskuren da gwaji ya kasa kamawa a Python

Wani aiki (function) a cikin wata manhaja yana dawo da bayanan kiran baya gauraye da na yanzu, gwaje-gwaje kuwa duk suna wucewa lami lafiya, domin kowannensu sau ɗaya yake kiran aikin.

Tushen matsalar layi guda ne: `def tara(abu, jeri=[])`. Python tana ƙirƙirar wannan jerin sau ɗaya tak, lokacin da ake ayyana aikin, ba a kowane kira ba. Duk abin da aka zuba a ciki yana nan daram har kira na gaba. Na mayar da shi `jeri=None`, sannan a cikin aikin na sa `if jeri is None: jeri = []`.

Gyara wuri ɗaya bai isa ba, don haka na sa Ruff, manhajar gano kurakurai wadda ke karanta lambar (code) ba tare da ta kunna ta ba. A Ruff, dokar B006 ce ke kama wannan kuskuren, a Pylint (wata manhajar bincike irinta) kuma W0102. Na kunna rukunin B, wato dokokin da B006 ke cikinsu, a fayil ɗin saituna na `pyproject.toml`, nan take ta fito da sauran wuraren.

A tsohuwar manhaja kada a kunna dukkan dokoki lokaci guda. Gargaɗi zai yi yawa har mutane su daina dubawa. Na fara da rukunin F (kurakurai irin su sunan da ba a ayyana ba) da na B kawai, na haɗa umarnin `ruff check` da pre-commit, mai yin bincike kafin a adana kowane canji, yadda ba za a karɓi sabon canji ba sai ya tsallake binciken.