Sabon zuwa Toronto, ka iya bakinka a kicin ɗin mai gida

Lambar SIN ta aiki da biyan haraji da katin asibiti na OHIP ba sa ba da wahala, ka ɗauki takardunka ka bi layi. Rigar sanyi kuwa 'yan uwa a masallaci za su nema maka, don mu nan ba ma barin namu ya tagayyara, alhamdulillahi. Maganar ɗaki nake so ku saurara, domin sau uku ke nan ina ganin sabon zuwa ya faɗa ramin da na faɗa.

Shekarata ta farko na kama ɗaki a unguwar Scarborough wajen wata dattijuwa, kicin ɗaya muke girki. Wata rana na tarar da littafi a kan tebur, a bangonsa 'yan wasan hoki (ƙwallon sanda a kan ƙanƙara) ne biyu, maza, sun rungumi juna. Na tambaya, ta ce labarin soyayya ne. Ban tsaya tunani ba na saki maganar da in a gida ne kowa kai zai gyaɗa. Ashe ɗanta ɗan'uwansa namiji ya aura. Ta ba ni wata guda in tashi, a tsakiyar Janairu. Na garzaya hukumar sasanta masu gida da 'yan haya, aka ce dokar haya ta lardin Ontario, inda Toronto take, ba ta kare wanda ke haɗa kicin ko banɗaki da mai gida. Sati uku na kwana a kujerar falon wani bawan Allah. Har yau in na tuna fuskar matar nan sai in ji nauyi, don ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Littattafan nan za ka gan su a laburare, a jirgin ƙasa, a hannun abokiyar aikinka, kuma yawancin masu karanta su mata ne. Hoki a Kanada kamar ƙwallo ne a wajenmu, wasan ƙarfi da doke-doke, inda namiji ba ya nuna rauni. Sai a 2021 aka samu ɗan wasa mai kwantiragi da wata ƙungiya a babbar gasar hoki ta NHL, Luke Prokop, ya fito ya bayyana cewa maza yake so. Shi ya sa labarin 'yan wasa biyu abokan hamayya masu ɓoye sirrinsu yake kama zukata: ga fargabar tonon asiri, ga kishi, ga tabbacin cewa ƙarshe zai yi daɗi. Duk wadda ta taɓa hayar littattafan soyayya a Kano ta san wannan jan hankalin.

Ba wanda ya ce ka karanta, ba wanda ya ce ka bar addininka. Amma Kanada ta halatta auren jinsi tun 2005, kuma dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ontario da ta hana a ƙi ba ka haya don matarka na sa hijabi, ita ce ta kare ɗan dattijuwar nan a wurin aiki. Kafin ka biya kuɗin wata na farko da na ƙarshe, tambayi wa za ka haɗa kicin da shi.