Yadda ake saita rautar bakin ƙofa ta hanyar rubuta umarni

Wata bazara aka kira ni wata makaranta mai zaman kanta a Jega, aka ce intanet ɗin ɗakin kwamfuta ya tsaya cak tun da safe. Kwana uku kafin nan wani matashi ya saita musu rauta, komai ya tashi lafiya lau, aka sallame shi. Cikin dare wuta ta ɗauke, batirin infata ya ƙare, da aka tayar da janareta sai rautar ta farka kamar ba a taɓa gaya mata komai ba. Shugaban makarantar ya tare ni tun daga bakin ƙofa: "Injiniya, ko dai na'urar ce ta ƙone?" Na ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarta ƙalau, aikin ne ba a adana ba." Yaron ya san aikinsa, layi ɗaya tak ya bari bai rubuta ba, ɗalibai suka yi asarar yini guda.

Rautar bakin ƙofa ita ce na'urar da ke tsaye tsakanin kwamfutocin ofishinka da layin kamfanin da ke ba ka intanet. Matsayinta matsayin zaure ne a gida, mai shiga da mai fita duk ta nan za su bi. Zan yi misali da Cisco, irin su 1941 da 2901 da ake samu na hannu a kasuwa, domin su ne na fi cin karo da su a makarantu da ofisoshin Kebbi, kuma su ne ɗaliban kwamfuta na kwalejin Waziri Umaru da na jami'ar Aliero suka fi tambayata a kai.

Kafin ka kunna komai, ɗauki biro da takarda. Tambayi kamfanin intanet ɗinka: adireshi tsayayye suka ba ka, ko na'urarsu ce za ta riƙa ba ka da kanta? In tsayayye ne, rubuta adireshin, da abin rufe fuskarsa (subnet mask, lambar da ke nuna iyakar rukunin adireshin), da adireshin ƙofarsu. A misalinmu, namu shi ne 203.0.113.2, nasu 203.0.113.1, abin rufe fuska 255.255.255.252. Waɗannan lambobi an ware su ne don koyarwa kawai, kada ka kwafe su zuwa aikin gaske. Cikin gida kuwa za mu yi amfani da 192.168.10.0, ɗaya daga cikin rukunan da aka keɓe wa gidaje da ofisoshi tun 1996.

Sabuwar rauta ba ta da adireshin da za ka same ta da shi, don haka shigar farko ta kebul ɗin konsol ake yi, wannan shimfiɗaɗɗen mai ruwan sararin samaniya. Kai ɗaya ya shiga ƙofar konsol, ɗayan ya shiga laftof ta mahaɗin USB. Buɗe PuTTY, manhajar da ake rubuta wa rautar umarni ta cikinta, zaɓi Serial, saka lambar COM da kwamfutarka ta nuna, gudu kuma 9600. In ka ga wasu haruffa marasa kan gado suna zuba, gudun ne bai dace ba. Idan rautar ta tambaye ka ko kana son ta ja ka cikin saitin farko, amsa da no. Ka fi sanin abin da ke cikin na'urarka in da hannunka ka rubuta shi.

Alamar da ke gefen hagu ita ce ke gaya maka inda kake tsaye. Router> na nufin kana waje, sai kallo. Rubuta enable, ta koma Router#, nan kana iya duba komai. Rubuta configure terminal, ta koma Router(config)#, nan ake canji. Alamar tambaya tana nuna maka abin da zai iya biyo bayan kalmar da ka rubuta, maɓallin Tab kuma yana ƙarasa maka kalma. Ba wanda ya haddace umarnin nan duka, da waɗannan biyun kowa ke aiki.

In rautar ta hannu ce, wanke ta tas daga saitin mai ita na baya: write erase, sannan reload. Da ta dawo, rubuta show version ka duba layin ƙarshe. Ya kamata ka ga 0x2102. In ka ga 0x2142, to wani ya fasa kalmar sirrinta kafin a sayar maka, ya manta bai mayar da ita daidai ba. Rauta mai wannan lamba tana tsallake ajiyayyen saiti duk lokacin da ta tashi, ko sau nawa ka adana. Na ga wanda ya kusa mayar wa ɗan kasuwa na'ura saboda wannan. Maganinta layi ɗaya ne a wurin canji: config-register 0x2102.

Yanzu sai makulli, shi ma a wurin canji ake rubuta shi. Ni ba na jona kebul ɗin waje sai na gama wannan, domin da zarar adireshi ya bayyana a intanet, na'urorin masu laluben ƙofofi ba sa daɗewa ba su fara gwada kalmomin sirri ba.

hostname OFIS-BK
enable secret (kalmarka mai ƙarfi)
username injiniya privilege 15 secret (wata kalmar daban)
no ip domain lookup
line console 0
login local
logging synchronous
exit

Ka lura secret na rubuta, ba password ba. Ta biyun tana zama a fili cikin saiti, kuma ko ka rufe ta da service password-encryption, warware wannan rufin aikin daƙiƙa ne ga wanda ya sani. Layin no ip domain lookup yana hana rautar tsayawa neman wata na'ura duk sanda ka yi kuskuren rubutu, logging synchronous kuma yana hana saƙonninta yanke maka layi kana tsakiyar bugawa.

Sai ƙofofi biyu. Duba sunayensu da do show ip interface brief, domin a 1941 za ka ga GigabitEthernet0/0, a samfurin 4321 kuma GigabitEthernet0/0/0.

interface GigabitEthernet0/0
description WAJE
ip address 203.0.113.2 255.255.255.252
ip nat outside
no shutdown
interface GigabitEthernet0/1
description CIKI
ip address 192.168.10.1 255.255.255.0
ip nat inside
no shutdown
exit
ip route 0.0.0.0 0.0.0.0 203.0.113.1

Ƙofofin rautar Cisco a rufe suke zuwa, no shutdown ne ke buɗe su, kuma shi ne abin da sababbin shiga suka fi mantawa. Layin ƙarshe yana cewa duk saƙon da ba a san inda za shi ba a miƙa wa ƙofar kamfani. Idan ba adireshi tsayayye gare ka ba, kamar masu Starlink da suka fara yawa tun shigowarta Najeriya a 2023, rubuta ip address dhcp a ƙofar waje, hanyar fita za ta zo da kanta. Sai dai ka duba adireshin da aka ba ka. In ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, kai da wasu da yawa kuke raba adireshin waje guda, don haka kada ka ɓata lokacinka wajen buɗe wa kyamarorin tsaro hanyar shigowa daga waje, ba za ta yi ba.

Raba adireshi ga kwamfutocin ciki ba wuya:

ip dhcp excluded-address 192.168.10.1 192.168.10.20
ip dhcp pool OFIS
network 192.168.10.0 255.255.255.0
default-router 192.168.10.1
dns-server 8.8.8.8 1.1.1.1
exit

Ashirin ɗin farko mun ajiye su ne don firinta da saba da laftof ɗin mai kula da aiki.

Wurin da ya fi rikita mutane shi ne NAT. Adireshin IPv4 duka-duka kimanin biliyan 4.3 ne, babban rumbunsu kuma ya ƙare tun Fabrairun 2011. Shi ya sa kamfani ke ba ka guda ɗaya, kai kuma kana da kwamfuta arba'in. Rauta ce ke karɓar saƙon kowace, ta cire adireshin ciki ta manna nata, ta rubuta a littafinta wa ya aiko me, in amsa ta dawo ta kai wa mai ita. Kamar ɗan kamasho ne a kasuwar shinkafa: mai saye shi kaɗai ya sani, shi kuwa ya san buhun kowane manomi.

access-list 1 permit 192.168.10.0 0.0.0.255
ip nat inside source list 1 interface GigabitEthernet0/0 overload

Dubi 0.0.0.255 da kyau. A jerin izini, wato access-list, ana juya abin rufe fuska ne: sifili na nufin dole lambar ta dace, 255 na nufin ko wace ce ta wuce. Wanda ya saba da 255.255.255.0 hannunsa kan rubuta ta a nan, rautar kuma ba za ta yi masa gardama ba, za ta karɓa, intanet ɗin ne kawai ba zai zo ba. Kalmar overload ita ce ke ba kwamfutoci da yawa damar bin adireshi ɗaya.

Gwaji daga kusa ake fara shi. Rubuta end, sannan show ip interface brief. Ƙofa mai lafiya tana nuna up sau biyu. In ka ga administratively down, ba ka buɗe ta ba. In down ce kawai, duba kebul ko na'urar da ke ɗaya ƙarshen. Daga nan gwada ko saƙo na kaiwa ya dawo: ping 203.0.113.1, sannan ping 8.8.8.8, wani adireshi a intanet. Alamar motsin rai biyar a jere nasara ce, ɗigo biyar shiru ne. Ɗigo ɗaya a farko ba komai ba ne, rautar ce ke neman sanin maƙwabciyarta. Idan rautar na kaiwa waje amma kwamfutocin ciki ba sa kaiwa, rubuta show ip nat translations. In ba komai a ciki, koma ka duba inside da outside, sau da yawa an musanya su ne. In kuwa 8.8.8.8 na amsawa amma shafuka ba sa buɗewa, matsalar DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshi.

Ba kullum za ka riƙa jan kujera gaban rauta da kebul ba, don haka koma configure terminal ka buɗe SSH, hanyar shiga rautar daga nesa a asirce. Telnet, tsohuwar hanyar shiga daga nesa, kam ka rabu da ita, tana aika kalmar sirri a fili yadda duk mai saurare a layin zai karanta.

ip domain name ofis.local
crypto key generate rsa modulus 2048
ip ssh version 2
access-list 10 permit host 192.168.10.5
line vty 0 4
login local
transport input ssh
access-class 10 in
exit
no ip http server
no ip http secure-server

Da wannan, laftof mai 192.168.10.5 kaɗai ke da izinin shiga. Wasu samfuran suna da layukan vty, wato na shiga daga nesa, fiye da biyar, duba show running-config ka rufe su duka. Kada ka cire kebul ɗin konsol sai ka gwada SSH ka ga ta buɗe.

Kowane jerin izini yana da ɓoyayyen layi a ƙarshensa wanda ke hana duk abin da ba a ambata ba. Ba ya fitowa a allo, amma yana aiki. Wannan ne ke kulle mutane a waje. Ka ɗauka kana Birnin Kebbi, rautar tana Zuru ko Yauri, ka ƙara adireshin ofishinka a jerin don ka riƙa shiga daga nesa. Ka gyara layi ɗaya ba daidai ba, allon ya daskare, ba mai ceton ka sai motar haya da tafiyar sa'o'i. Saboda haka kafin duk wani canji mai haɗari daga nesa, ka tabbata saitin da ke aiki yana ajiye, sannan rubuta reload in 10. Yi canjinka, kada ka adana. In ya yi kyau kuma har yanzu kana ciki, rubuta reload cancel sannan ka adana. In ya kulle ka, jira minti goma, rautar za ta sake tashi da tsohon saiti. Minti goma na katsewa ya fi kwana a hanya, kuma ni ban yarda yaran da nake koya wa aiki su taɓa jerin izini daga nesa ba tare da shi ba.

Gyara agogo ma kafin ka tashi: clock timezone WAT 1, sai ntp server da adireshin sabar lokaci da kamfaninka ya ba ka. Ranar da wani abu ya faru, rahoton rauta mai agogon bogi ba zai gaya maka yaushe ba.

To, ga layin da yaron Jega ya bari. Duk abin da ka rubuta tun ɗazu yana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ne, wadda ke gogewa da ɗaukewar wuta. Mai ɗorewar ita ce NVRAM, kuma ba abin da ke shiga cikinta sai ka koma Router# da end ka ce:

copy running-config startup-config

Danna Enter, jira ka ga OK. Ni bayan kowane mataki da ya yi aiki nake rubuta shi, ba na jiran ƙarshe, don a garuruwanmu ba ka da tabbacin wuta za ta kai ka ƙarshen. Sannan rubuta terminal length 0 da show running-config, kwafe duka zuwa fayil, ajiye a filashi, ka ba mai wurin kwafi a hannunsa. Ranar da tsawa ta kashe rautar cikin damina, da wannan fayil za a tayar da sabuwa cikin rabin sa'a.

Inda aka ajiye na'urar ma yana da magana. Zafin Maris da Afrilu a Kebbi kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Kada a kulle ta cikin durowa, a sa mata UPS, a riƙa hure ƙurar lokaci-lokaci.

Gwajin ƙarshe a gaban mai wurin nake yinsa. Na kashe rautar daga soket, na ƙirga goma, na kunna. Tana ɗaukar 'yan mintuna kafin ta gama tashi. Mu zauna mu jira har sunan OFIS-BK ya bayyana a allo, ɗaya daga cikin kwamfutocin ɗakin ta buɗe shafi da kanta, sannan in naɗe kebul ɗin konsol in sa a jaka.